Neman shawara: Mantuwa ta fara yi mini yawa, kuma ban faɗa wa iyalina ba

Mai tambaya, tsohon malamin makaranta, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Shekaruna sun haura saba'in, kuma na daɗe da yin ritaya daga aikin koyarwa. Har yanzu ina iya jero sunayen ɗaliban da na koyar ina saurayi, haddar da na yi a makarantar allo ma tana nan, amma sai in rasa tabbacin ko na sha maganin hawan jini da safe, ko in haɗu da maƙwabcin da muka shekara da shekaru tare sunansa ya maƙale mini. A salla shakkar raka'a ta yi mini yawa. Kwanan baya ina dawowa daga Babbar Kasuwa makuwa ta kama ni a hanyar da na sani tun ƙuruciya, sai da na tsaya na ɗan lokaci kafin na gane inda nake.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yara suke kallon juna idan na maimaita tambaya, har na fara yin shiru a majalisa don kada a gane. Ina tsoron idan na faɗa a ce gigin tsufa ne, a karɓe makullin babur, a daina shawara da ni. Shin wannan tsufa ne kawai ko ciwo ne? Kuma in faɗa musu, ko in ci gaba da rufewa?

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Suna ya maƙale sannan ya faɗo daga baya abu ne da yake samun yawancin masu shekaru. Maimaita tambaya da makuwa a hanyar da aka saba kuwa sun isa dalilin ganin likita, ko da yake ba su ne hukunci ba. Tsayuwar tsohuwar hadda ba ta kore matsala, domin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu shi ne yake fara rauni a cutar Alzheimer, abin da aka ajiye tun ƙuruciya kuma ya kan daɗe bai taɓu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon gushewar tunani, wanda ake kira gigin tsufa, sun haura miliyan 55 a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasu wannan cutar ce.

Sai dai kada ku yanke wa kanku hukunci, Baba, saboda akwai abubuwan da suke kawo mantuwa kuma ana maganinsu: ƙarancin bitamin B12, wanda yake iya samun wanda ya daɗe yana shan metformin don ciwon suga, da raunin aikin ƙullun maƙogwaro da ake kira tayiroid, da ciwon damuwa, da rashin isasshen barci, da wasu magungunan mura da na barci. Hawan jinin da ba a daidaita ba shi ma yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a hankali, don haka shakkar shan maganin nan ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ku je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, ku tafi da duk magungunan da kuke sha, har da na gargajiya, kuma ku tafi da wanda kuke kwana gida ɗaya da shi, domin likita zai so ya ji abin da shi ya lura da shi.

Wata Hajiya daga Daura:

Malam, ni ma na bi ta wannan hanya bayan rasuwar maigidana. Na kan ɗora tukunya in manta da ita, a yi mini magana in ce ba a yi ba, har na fara cewa jikoki suna raina ni. Da 'yata ta matsa muka je asibiti, sai aka tarar jin kunnena ya ragu ƙwarai, ga kuma damuwar da ban san tana da suna a asibiti ba. Ashe rabin abin da nake cewa na manta, ban ma ji shi ba tun farko. Ban koma kamar da ba, amma na sami sauƙi. Shirun nan da kuka fara yi a majalisa shi nake so ku bari, domin ni da na daina zuwa biki da gaisuwa don kunya, a lokacin ne abin ya fi tsananta.

Wani malamin Islamiyya, Rafindadi:

Allah ya gafarta Malam, Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda aka ce akwai wanda ake mayarwa mafi raunin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga wannan hali. Saboda haka ba abin kunya ba ne, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Game da salla, Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa wanda shakka ta aure shi, wato ta yawaita gare shi, ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa, sai dai ya yi ba'adi. Bin jam'i kuma zai ɗauke muku ƙirgen raka'a gaba ɗaya.

Wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura:

Baba, ku yi mini afuwa, tsoron da kuke ji yana da tushe, domin mu da kanmu mun yi wa mahaifiyarmu abin da kuke gudu. Mun riƙa gyara mata magana a gaban baƙi, muna yanke shawara a bayanta, wasu dangi suna cewa sammu ne, aka yi ta kashe kuɗi a kan haka. Amma ita ba ta taɓa faɗa mana abin da take so ba tun tana iyawa, sai muka yi ta kirdado. Ku zaɓi mutum ɗaya cikin 'ya'yanku ku faɗa masa da bakinku, ku gindaya masa yadda kuke so a tafiyar da ku. Ku rubuta bashin da ake binku da wanda kuke bi, da amanar da ke hannunku, da inda takardun gida da gona suke, a gaban shaidu. Maganar babur kuwa, ni ina ganin ku ajiye shi da kanku har likita ya duba ku.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan yi magana da babbar 'yata, ita ce ta fi haƙuri da ni. Maganar babur ta yi mini nauyi, amma na ji. Ke kuma ma'aikaciyar jinya, kafin in je asibitin, yaya zan yi da maganin hawan jini idan na rasa tabbacin ko na sha?

Ma'aikaciyar jinya:

Kada ku ƙara sha a kan shakka, Baba, domin ninka shi yana iya saukar da jini ya kawo jiri da faɗuwa. A shagunan magani ana samun ƙaramin akwati mai gida bakwai, kowace rana da nata. A zuba muku na mako guda a ciki, ku haɗa shansa da sallar asuba, kuma Hajiya ko wani a gida ya riƙa leƙa gidan ranar kafin azahar.