Ni bahago ne, kuma kod ɗin F na neman raba ni da jita

Ɗan Bahago:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina laɓe a nan ina karanta naku, yau dai na ce bari in buɗe baki.

Shekarata 17. Wata takwas da suka wuce, in ka ce min kiɗan rok sai in ce maka ai hayaniya ce kawai da gashi buzu-buzu. Wani dare barci ya ƙi zuwa, ina ta juya bidiyo a YouTube, sai na faɗa kan wasan makaɗin jita Jimi Hendrix a bikin kiɗa na Woodstock na 1969. Hannunsa na fara lura da shi kafin kunnena ya kama komai: da hagu yake kaɗawa. Ni da aka sha yi wa dariya a aji saboda yadda nake karkata littafi in zan yi rubutu, ga wani ya riƙe dubban mutane da wannan hagun. Na maimaita bidiyon har waya ta mutu a hannuna. Daga nan na gangara kan ƙungiyoyin rok irin su Led Zeppelin, Black Sabbath, Nirvana. Yanzu ko rula na ɗauka sai in tarar yatsuna na neman kod, wato kamun tsirkiyoyin jita da ake kaɗawa a tare, a jikinta.

Yayana ya yi tafiya, ya bar tsohuwar jitarsa a saman sif, irin mai ramin nan da ba ta amfani da lantarki, tsirkiyoyinta na ƙarfe, biyu sun yi tsatsa. Ya yarda in taɓa, da sharaɗin kada in canza mata komai. Ta masu dama ce, don haka a dama nake riƙe ta. Yau sati shida. Na iya kod ɗin Em, G, C, D da Am, ko da yake kafin in tashi daga C in isa G sai a sha ruwa a dawo. Amma F ta gagare ni. Na kwantar da manuniya a kan tsirkiya shida, na danna har hannu na rawa, abin da ke fita tuf-tuf ne kamar ana dukan kwali. Kan yatsuna duk sun yi rami, na tsakiyan ya yi bororo.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Hannuna na dama a kan kaɗawa kamar aro na yi shi, a sandare yake. In na kulle ƙofa na juya jitar zuwa hagu, take sai in ji kiɗa ya shigo jikina, sai dai tsirkiyoyin sun koma a kife, siririyar tana sama. Shin in ci gaba da dama, ko in juya tun yanzu? Kuma wannan azabar haka kowa ya sha ta, ko ni ne hannuna bai dace da abin ba?

Tsohon Makaɗi:

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka yanke wa hannunka hukunci, a fara tuhumar jitar.

Ɗauko waccan rular taka. Ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, wato firet, har na 12. Auna daga saman ƙarfen zuwa ƙasan tsirkiya mafi kauri. A jita irin taka, milimita 2 da rabi shi ne daidai. In ka ga 4 ko 5, to ko ni da na haura shekara 25 ina kaɗawa sai na yi gumi kafin F ta fito. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana, ko ana kaɗawa ko ba a yi. Jitar da ta shekara a saman sif tana shan zafi da sanyi, wuyanta kan ɗan lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da katako. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a miƙar da shi, amma kada ka kuskura ka taɓa ta da kanka, balle kayan aro. Kai wa mai gyara.

Gwaji na biyu: in za ka samu aron kafo, ɗan maƙalin nan da ke danne tsirkiyoyi duka, maƙala shi a firet na 1, ka yi irin kamun F a gabansa. In ta fito da sauƙi, matsalar tana wurin ɗan farin abin nan mai tsaga shida da ke can ƙarshen wuya, ya yi tudu. Shi ya sa F ta fi kowace kod mugunta, don a bakinsa take zaune, inda tsirkiya ta fi tauri. Ni ɗalibaina a firet na 5 nake fara koya musu wannan kamun, sai hannu ya saba mu riƙa gangarowa. Kuma da gefen manuniya ake dannewa, ɓangaren ƙashi, ba da cikinta mai taushi ba, dab da bayan ƙarfen, babban yatsa yana tsakiyar bayan wuya.

Zafin kan yatsa kuwa kowa ya sha shi, sai kanta ta fito yake tafiya. Minti 15 sau biyu a rana ya fi awa biyu a zama ɗaya. Bar bororon nan ya warke tukuna. Yanke farce, kuma kada ka kaɗa da ka fito daga wanka, fata na da laushi a lokacin. Amma in zafin a wuyan hannu ne ko cikin gaɓa, ajiye jitar nan take, wannan ba na kanta ba ne.

Tunda ka ambaci Black Sabbath: makaɗin jitarsu Tony Iommi bahago ne kamarka, kuma yana da shekarunka cif, 17, injin ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a wata masana'anta a Birmingham, hannun da yake danna tsirkiya da shi ke nan. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya nemi tsirkiyoyi sirara, daga baya ya sassauta saitin jitar ƙasa don ta yi laushi. Nauyin sautin da kake ji a kiɗansu, har da wannan a ciki. Kai ma sa sirara, ka sauke saitin da rabin mataki, wato tazarar firet ɗaya, babu wanda zai kama ka.

Batun hannu, ra'ayina ka zauna a dama. Duk inda ka shiga ka tarar da jita za ka iya ɗauka, kuma hannunka mai ƙarfi ne zai yi aikin yatsu.

Gurnani:

Abokina wa ya aike ka wurin F? Rok kake so ko rakiyar mawaƙi?

Sa manuniya a tsirkiya mai kauri, firet na 5. Sa yatsan zobe a tsirkiyar da ke biye, firet na 7. Kaɗa waɗannan biyun kawai. Shi ke nan, ka yi kod mai ƙarfi, A5. Ja hannun yadda yake zuwa 3 da 5, ka samu G5. Kai shi 1 da 3, ga F ɗinka nan da ke sa ka kuka, da yatsa biyu. Rabin abin da kake ji a Nirvana wannan kamun ne ake ja sama da ƙasa. Ɗora gefen tafin hannu kaɗan a kan tsirkiyoyi kusa da inda suka ƙare a cikin jitar, ka yi ta saukar da fik, 'yar robar nan ta kaɗawa, ƙasa-ƙasa, za ka ji jug-jug ɗin nan ya fara fitowa ko a jita mai rami.

Dalilin da 'yan rok suka rungume shi: in aka cika wa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, wuta har sauti ya fashe, kod mai murya da yawa cakuɗewa take ta zama taɓo, amma waɗannan muryoyi biyu suna jituwa, sai su fito da kauri. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks reza ya sa ya tsaga takardar lasifikarsa don ya samu wannan kaushin. Kada dai ka gwada da rediyon gida.

Ba raina maganar Baba nake ba, za ka buƙaci F cikakkiya wata rana. Amma wanda ya yi sati shida bai kaɗa abin da ya ja shi ba, a sati na takwas jitar za ta koma saman sif.

Bahaguwa:

Baba, a yi min afuwa, a kan gyaran jita ba ni da ta cewa, amma a kan hannu ban bi ka ba.

Ƙanina, ni ma bahaguwa ce, kuma irin shawarar nan aka ba ni. Na yi shekara biyu a dama. Kod kam na iya su da wuri, amma duk wanda muka yi kiɗa tare sai ya ce ina gaba ko ina baya da ganga. Mutane na ɗauka aikin yana hannun da ke danna tsirkiya, don shi ido ke gani yana yawo. Alhali lokaci, da ƙarfin bugu, da lallashi, duk a hannun kaɗawa suke. In ba haka ba, me ya sa masu dama suka ba hannunsu mai ƙarfi wannan aikin? Ranar da na juya, na koma farko kamar jaririya, na yi wata uku ina jin haushin kaina, amma tun daga nan metronom, na'urar nan mai ƙirga lokacin kiɗa, ya daina zama abokin gabata.

Ba doka ba ce. Dubi manyan makaɗa: Mark Knopfler bahago ne kuma a dama yake kaɗawa, babu mai cewa ya gaza. Hendrix jitar Stratocaster ta masu dama ya juya, ya sake jera tsirkiyoyin. Albert King ko sake jerin bai yi ba, haka ya kaɗa ta a kife, siririya a sama. Paul McCartney da Kurt Cobain da Mdou Moctar duk a hagu suke. Kowa da inda jikinsa ya kai shi, kai kuma naka ya riga ya faɗa maka, tunda ka ce in ka kulle ƙofa ka juya kiɗa na shigowa. Sati shida ba komai ba ne, yanzu ne juyi ke da arha.

Sai dai kada ka kwance tsirkiyoyin yayanka ka juya su. Tsagogin nan shida kowace an yanka ta daidai kaurin tsirkiyarta, mai kauri ba za ta zauna a gurbin siririya ba. Jakin da suke hawa a cikin jitar shi ma a ɗan karkace aka dasa shi da gangan, in ka juya, saiti zai riƙa ɓacewa kana hawa wuya. Kuma gaskiyar Baba ce, jitar hagu ta fi wuyar samu, zaɓinta kaɗan ne.

Tsohon Makaɗi:

'Yata, na karɓa. Ni na dama ne, ban taɓa zama cikin wannan rigar ba. Ɗana, yi sati guda kana kaɗa tsirkiyoyi a toshe, babu kod, ka bi metronom a bugu 60 a minti, minti biyar a dama, biyar a hagu. Ɗauki sautin a waya ka saurara ido rufe.

Ɗan Bahago:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na auna: milimita 5 har da ɗoriya. Na tura wa yayana hoton rular, ya yi dariya ya ce shi ma abin da ya sa ya jingine ta ke nan, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya yarda a kai gyara a sa sababbin tsirkiyoyi sirara, amma batun juyawa ya ce in jira in sayi tawa. Jiya aka dawo da ita. F ta fito da tsirkiya biyar cikin shida, ta biyu daga ƙasa ce har yanzu ke min tuf.

Anti, na yi gwajin kwana biyar. Na kunna wa ƙanwata sautin biyu ban gaya mata komai ba, ta nuna na hagu ta ce wannan ne mutum, ɗayan kamar ana sara itace. Don haka na fara tari. Kafin nan, na gano kamun Gurnani yana yiwuwa a kife in na juya jitar, yatsun ne kawai ke musayar wuri. Daren jiya na yi ta jan 5, 3, 1 har aka buga min ƙofa sau biyu.

Gurnani, in na zo sayen ta lantarki, dole ne sai da amfilifaya a rana ɗaya, ko akwai yadda zan ji ta a kunne ni kaɗai? Mutanen gidan nan haƙurinsu ya kusa ƙarewa.