Fuska na fitowa a shafe, wace fitila zan saya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗaukar hoton mutane a cikin ɗaki, amma fuska sai ta fito a shafe, ga duhu a kwarmin ido. Fitilar zobe zan saya ko filasha?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Fara kashe ƙwan da ke silin, shi ke zuba maka wannan inuwar. Zaunar da mutum kusa da taga, haske ya zo masa daga gefe kamar digiri 45, ya ɗan fi kansa tsayi. Sai ka duba kuncin da ke nesa da tagar, za ka ga ɗan haske mai kusurwa uku a ƙasan ido. Shi ake kira hasken Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan a ƙarni na 17. Da zarar ya bayyana, hanci da kumatu sun fito da siffarsu.

Hajiya Mai Kyamara: Gaskiyar Malam. In rana ta yi kaifi, saki farin labule mara kauri a tagar. Duk sa'ad da tushen haske ya yi faɗi kuma ya matso kusa, inuwa laushi take yi. Ɗaya gefen kuma a riƙe farin kwali. In fatar mai duhu ce, ni na fi son a naɗe kwalin da takardar alminiyom da aka ɗan cukuikuye, domin ƙyallin da ke sauka a goshi da kunci shi ke fito da kyan fatar. Ƙara hasken hoto daga baya toka-toka yake mayar da ita.

Ɗan Bidiyo: Hajiya, kar dai a kashe wa fitilar zobe kasuwa. Tana da amfani ga mai magana gaban waya.

Hajiya Mai Kyamara: Ga bidiyo na yarda, ɗana. Amma daga gaba take bugowa kai tsaye, ita ce ma ke shafe fuskar da yake kuka da ita. In ya riga ya saya, ya janye ta gefe.

Tsohon Hannu: Wani abu da ake mantawa: in ka ninka nisan fitila sau biyu, haskenta kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Don haka matso da mutum kusa da fitila, nesanta shi da bango, bayansa zai yi duhu da kansa. Kuma kada ka haɗa hasken rana da ƙwai mai ja. Na rana kusan 5500 ne a ma'aunin Kelvin, wato ma'aunin launin haske, na ƙwan nan wajen 2700. Rabin fuska shuɗi, rabi ruwan lemo.

Sabon Shiga: Allah ya saka. To hotunan nan da ake rubutu da haske a cikin duhu fa?

Ɗan Bidiyo: Mai sauƙi ne yayana. Kafa kyamara a kan ƙafa uku, sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, bar idonta a buɗe daƙiƙa 15 zuwa 30, ka zagaya da tocila. Sa tufafi masu duhu kuma kada ka tsaya wuri ɗaya, ba za ka fito a hoton ba. Waya ma tana yi in tana da tsarin da ake saita ta da hannu.

Sabon Shiga: Bari in fara da tagar gobe da safe, zan turo muku ku duba.

Hajiya Mai Kyamara: Turo guda biyu, ɗaya da kwali, ɗaya babu.