Taifus ɗin daji: me ya hana a yi masa rigakafi?

Aminu: Jama'a, raina a ɓace yake. Sati biyu na yi a kwance nan Tamil Nadu ta Indiya da taifus ɗin daji, ga zazzaɓi, ga baƙin tabo a hammata kamar an ɗosana min sigari. Wani mitsitsin ƙwaro ne na cikin ciyawa ya cije ni. Cutar da ake ƙiyasin tana kama mutum miliyan 1 duk shekara, har yau babu allurarta! Don ta manoman Asiya ce, shi ya sa ba wanda ya damu.

Hadiza: Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Amma an gwada fa, tun Yaƙin Duniya na Biyu da ta addabi sojoji a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu). Ƙwayar, Orientia tsutsugamushi, iri-iri ce. Karp, Gilliam da Kato ne sanannu, bayansu akwai wasu da yawa, kuma furotin ɗin da ke jikinta ya sha bamban daga iri zuwa iri. Wanda ya warke daga ɗaya, bayan 'yan watanni wani irin zai iya kwantar da shi. To wanne za a zuba a kwalba?

Sani: Wai taifot ne babu rigakafinsa? 'Yata an yi mata.

Hadiza: Taifus aka ce, Malam Sani. Taifot ta ruwa da abinci ake ɗauka.

Sani: Duk zazzaɓi ne. Ku 'yan boko sai ku sauya harafi ɗaya ku ce sabuwar cuta.

Bashir: Ni taifus da na karanta ƙwarƙwata ke kawo shi.

Hadiza: Wancan daban, wata ƙwayar cuta ce mai suna Rickettsia ke jawo shi.

Bashir: A Sudan muka yi karatu, ba a waya ba.

Aminu: Ina ruwan Sudan a nan? Da maganin doxycycline na tashi, ni na san abin da na ji.

Bashir: 'Yan Indiya ba ku son gyara.

Hadiza: An ma samu dangin ƙwayar Orientia a Dubai da tsibirin Chiloé na Chile, nesa da inda aka san ta. Wannan ya ƙara dagula lissafin allurar.

Alhaji Musa, shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, Dakta Bashir ya yi gaskiya, ƙwari ke kawo ta, a kula da tsafta. Aminu ka dawo gida, ka bar shiga ciyawa.

Aminu: Alhaji, ba abin da na tambaya ke nan ba.