Shirun 'Yan Kallon Tanis: Larura Ce ko Iyayi?

Sadiq: Jama'a, ni dai na yanke hukunci: shirun da ake tilasta wa 'yan kallon tanis iyayi ne kawai. Ɗan ƙwallon ƙafa yana buga fanareti, mutum dubu sittin na yi masa ihu da fito, bai taɓa cewa a dakata ba. Shi kuwa mai raket, ko tari aka yi sai ya riƙe ƙwallo yana harare-harare.

Malam Habibu: Ba ka yi nisa da gaskiya ba, Sadiq. Wasan ya taso ne daga fadojin Faransa da Ingila, har Sarki Henry na Takwas yana da filinsa a Hampton Court. Da aka fara gasar Wimbledon a 1877 ma, masu hannu da shuni ne ke taruwa a kulob su kalla. Irin wannan taro ba a ɗaga murya. Gado ne, kamar fararen kayan da har yau suke tilasta wa 'yan wasa.

Anti Bilki: Malam, da girmanka, amma tarihi bai ƙare maganar ba. Na riƙe raket, na sani. Kunne yana wasa kamar yadda ido ke yi. Ƙarar bugun da aka yi kai tsaye daban take da ta wanda aka murza ƙwallon, haka idan ta bugi gefen raket, kana ji ka san ba za ta yi nisa ba. Tsawon filin mita 23.77 ne, sabis ɗin manyan maza kuma, wato bugun da ake fara wasa da shi, yakan wuce kilomita 200 a awa. Wajen rabin sakan kake da shi ka yanke shawarar inda za ka nufa. Idan aka toshe maka kunne, an rage maka wani abu a cikin wannan rabin sakan ɗin.

Sadiq: To Anti, in kunne ne, me ya sa su 'yan wasan ke nishi kamar za su tsage? An auna ihun Sharapova ya haura desibel 100. Ita an ƙyale ta, ni da na sayi tikiti an ce in rufe baki.

Anti Bilki: Ai ka kawo mini hujja ne, ƙanena. Martina Navratilova ta kira wannan nishin maguɗi, dalilinta kuwa shi ne yana rufe ƙarar bugun. Tun a Wimbledon ta 1992 aka kai ƙarar Monica Seles kan haka. Ta danne nishinta a wasan ƙarshe, Steffi Graf ta lallasa ta 6-2, 6-1.

Nura: Ku tsaya. A badminton abin da ake bugawa ya fi ƙwallon tanis gudu lokacin barin raket, amma ku kalli zauren Istora na Jakarta. Ihu daga farko har ƙarshe, kuma ana wasa lafiya lau. A tanis ɗin ma, US Open kasuwa ce. Sai da magajin garin New York, David Dinkins, ya sa baki aka karkatar da jiragen filin LaGuardia daga saman filin wasan, amma kafin nan an yi shekaru ana buga gasar a ƙarƙashin rugugin jirage.

Anti Bilki: Kuma da aka sa wa filin Arthur Ashe, babban filin US Open ɗin, rufi a 2016, ruwan sama ya riƙa dukansa, Andy Murray ya koka cewa ba ya jin ƙarar ƙwallon.

Nura: Ya koka, amma ya ci wasan.

Alhaji Garba: Na bar ku kun yi ta yi. Ni a ganina duk kun tsallake wurin. Hayaniyar da ba ta yankewa ba ta damun ɗan wasa, kunne yakan saba. Ɗan dambe ba ya jin kalangu da zarar ya shiga fage. Abin da ke ɓata wasa shi ne murya ɗaya da ta faso cikin shiru daidai lokacin da mutum ya cilla ƙwallo sama zai yi sabis. Sannan a tanis, murya ce ke tsayar da wasa. Shekara da shekaru masu kula da layi ke kiran ƙwallo ta fita da baki, kuma na'urar da ta maye gurbinsu a Wimbledon a 2025 ita ma murya take fitarwa. Idan wani shaƙiyyi a cikin 'yan kallo ya kwaikwayi kiran nan, ɗan wasa ya saki hannu, maki ya tafi.

Sadiq: Ke nan, Alhaji, in kowa ya yi ihu gaba ɗaya, matsalar ta kau.

Alhaji Garba: A fatar baki, haka ne. Sai dai taron tanis ba ya iya riƙe ihu na awa huɗu ko biyar, kuma duk inda aka sassauta, ba ihun kowa da kowa ake samu ba, na masu neman rikita baƙo ne. A Kofin Davis, gasar tanis ta ƙasa da ƙasa inda ake kaɗa ganguna, akwai dokar da ta bai wa alƙali damar cire wa ƙasa maki idan magoya bayanta suka dami abokin karawa.

Malam Habibu: Gasar French Open ta Faransa ta ɗanɗana a 2024. David Goffin ya ce an tofa masa cingam, Iga Swiatek ta roƙi 'yan kallo su daina ihu ana tsakiyar bugu bayan wasanta da Naomi Osaka, shugabar gasar, Amélie Mauresmo, ta hana shan giya a wurin zaman 'yan kallo. Na yarda akwai larura. Amma hana mutum tashi daga kujerarsa sai an zo canjin gefe, wannan kam gadon kulob ne. Gasar Ostareliya ta sassauta shi a 2024, sama ba ta faɗo ba.

Anti Bilki: Ga wanda ke can saman bene, na yarda. Wanda ke zaune a bayan mai sabis kuwa, ya zauna inda yake. Ta wajensa ƙwallon ke fitowa.

Sadiq: Na janye rabin maganata. Rabin da ya shafi tari yana nan.

Nura: Ni ban janye komai ba. A gwada gasa ɗaya irin ta Istora tukuna, mu ga ko sabis zai lalace.