Kallon tsuntsaye a fadamar Haɗeja da Nguru: wane wata za mu je, me za mu riƙe?

Malama Ummu Hanif:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu shida ne daga Kano, muna so mu yi kwana biyu a wurin da ba a cika zuwa yawon buɗe ido ba. Yankari kowa ya santa, wannan karon fadamar Haɗeja da Nguru muke hari, inda aka ce tsuntsaye na zuwa tun daga Turai. Wane wata ya fi? Baturiya za mu nufa ko Dagona? Sannan yaya za mu yi zuwanmu ya amfani mutanen wurin, kada mu je mu zame wa tsuntsayen fitina? Masu sani a taimaka.

Malam Na-Fadama:

Wa alaikumus salam Malama. Ruwa ne ke tsara komai a wurin nan, don haka da shi za ku yi lissafi. Kogin Haɗeja da na Jama'are su ke malala cikin fadamar kafin su haɗu a wajajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Ambaliya takan kai ƙarshenta a Agusta da Satumba. A lokacin hanyoyin ƙauye sun yanke, sauro ya yi yawa, tsuntsayen kuma sun bazu a ko'ina saboda duk inda suka sauka akwai ruwa. Wanda ya je a lokacin ya sha wahalar banza.

Daga Nuwamba ruwa yake fara janyewa, ya bar tafkuna da kududdufai. Yayin da wurin sha da kiwo ke ƙanƙancewa, tsuntsayen sai su taru wuri guda, ga kuma baƙin da suka gudo wa sanyin Turai sun iso. Saboda haka daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ne lokacin, Janairu kuma ya fi kowanne. A tsakiyarsa ma ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta shekara-shekara. In Maris ya yi nisa baƙin sun fara komawa, zafi ya sauko, tafkuna da dama sun ƙafe.

Abin da za ku gani: 'yan gida akwai kirinjijiya, wadda za ku ji fitonta tun kafin ku hango ta, da dinya, da dani mai ƙullutu a kan baki, da zalɓe, jinjimi, balbela, ladin kogi mai dogayen jajayen ƙafafu, da zakaran ƙeƙuwa. Cikin baƙi akwai wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin zane kamar gira daga saman ido zuwa wuya, da wata mai dogon wuya da wutsiya siririya kamar tsinke, sai kuma garken wasu masu launin ƙasa da ke tsintar ragowar shinkafa a gonakin da aka girbe. Kada ku sa ran shamuwa, ita baƙuwar damina ce. Gauraka kuma ya yi ƙaranci ƙwarai, in kun gan shi ku gode wa Allah.

Maganar wuri: Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma a Jigawa, ta fi kusa da ku, za ku iya kwana a Haɗeja ku yi sammako. Dagona tana ƙasar Bade a Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, tana cikin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi. A kwana biyu kada ku haɗa duka, rabin lokacin zai ƙare a mota. Amma fa ku kira wani a wurin mako guda kafin tafiya ku tambayi inda ruwa yake a bana. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, malalar ruwan ba ta tafiya yadda aka saba. Tafkin da ya cika bara yana iya zama busasshiyar laka bana.

Baban Khalil:

Malam ya gama da lokaci, bari in ɗora da kayan aiki.

Madubin hangen nesa: ku nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mutane kan ruɗu su sayi mai lamba 16 ko 20, su ga kamar ya fi. A hannu rawa yake yi, cikin kwalekwale kuwa ba abin da za ka gani sai jiri. Guda uku sun ishe ku ku shida. Ƙurar hunturu tana karce gilashi, saboda haka a hure ta tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi, ban da bakin riga ko mayafi.

Ku kasance a bakin ruwa kafin rana ta fito. Daga ƙarfe shida da rabi zuwa tara da rabi ne suke kiwo da shawagi, sai kuma bayan la'asar. Da safe ku tsaya ta gabashin tafki rana tana bayanku, da yamma ku koma ta yamma. In kuka fuskanci rana, baƙin inuwa kawai za ku riƙa gani. Ranar da hazo ya yi kauri ba a hangen nesa, shi ya sa safiya biyu ta fi ɗaya. Sanyin asuba a kan ruwa ba wasa ba ne, a riƙe rigar sanyi. Tufafi masu launin ƙasa ko toka. Farin yadi da jan mayafi daga nesa tsuntsu ke hango su.

Nisa shi ne inda aka fi yin kuskure. Ku tsaya kamar mita ɗari daga garke. Alamar kun matsa da yawa ita ce su daina kiwo, su miƙe wuya gaba ɗaya suna kallonku. Da kun ga haka ku tsaya cak ko ku ja baya. Wasu matuƙa kan buga sanda a jikin jirgi ko su yi tafi don garken ya tashi baƙo ya ɗauki hoto. Ku hana tun kafin a shiga ruwa. Baƙin nan kitse suke tarawa don tsallake Sahara a hanyar komawa, duk tashin da aka tilasta musu daga wannan guzurin ake ci. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi ma a bar shi a gida, kallon shaho suke masa.

Kwalekwalen da ake turawa da gora ya fi mai inji: ba ƙara, yana kuma shiga ruwa maras zurfi. Ku kasu biyu, uku-uku, kowa da rigar kariya daga nutsewa, ku taho da abarku daga Kano. Ba a miƙewa tsaye a ciki. Ruwan sha lita uku ga kowane mutum a yini, tsabar kuɗi a hannu saboda sabis yana ɗaukewa. Mota mai tsayi, domin bayan an sauka daga kwalta yashi ne da laka. Baƙar lakar fadama takan bushe a sama alhali ƙasanta ɗanye ne, ku bi sawun da direbobin gari suka bi.

'Yar Bade:

Duk abin da suka faɗa haka ne, sai dai ban yarda a bar maganar mutane a ƙarshe ba, Malama, don da ita ake farawa. Wurin nan ba daji ne da babu kowa ba. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008, amma dai gonar shinkafar wani ce, wurin kamun kifin wani ne, makiyaya kuma nan suke sauka da rani. Ku fara da ofishin ma'aikatan gandun daji ku nemi izini, ku biya abin da aka ƙayyade, ku karɓi rasit. Daga nan a kai ku ku gaida bulama, shi zai haɗa ku da sarkin ruwa ko wanda ya san ruwan.

Kuɗin jirgi da na ɗan jagora a yi cinikinsu a fili kafin a tashi, a kan awa ko a kan yini, a kuma damƙa wa wanda ya yi aikin hannu da hannu, ba ta hannun ɗan kamasho ba. In da hali ku ɗauki wanda ya taɓa farautar tsuntsu, ya fi kowa sanin inda suke kwana, kuma ranar da ya ga rayayyar dinya ta kawo masa abin cefane sau da yawa alhali matacciya sau ɗaya ake sayar da ita, lissafinsa zai canza. Ku sayi kifi banda, tabarmar kaba, faifai da shinkafar gida. Abin da ba za ku saya ba: tsuntsu mai rai, ƙwai, ko naman agwagwar daji. Har wanda ake kawo muku a keji a ce ku saya ku sake shi don lada, kada ku karɓa. Gobe biyu za a kamo.

Kuma kada ku je kuna yi wa manomi wa'azin son tsuntsu. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, musamman ta Marma, saboda ruwan da madatsu ke saki duk shekara ya hana ƙasa bushewa, ga yashi ya cike magudanai. Ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, a cikinta kuma ɗan tsuntsun nan jan baki ke kwana, ya fito da safe ya faɗa wa shinkafa. Wanda ya yini yana korar jan baki ba zai ji daɗin a ce masa tsuntsu abin sha'awa ne ba. Ku saurare shi. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, musamman mata. Ledar ruwa da robobi ku koma da su gida, awaki da shanu na haɗiyar leda.

Malama Ummu Hanif:

Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da Baturiya a mako na biyu na Janairu in sha Allah. Saura ɗaya: akwai yara biyu da ke son bin mu, za su iya shiga ruwan?

Malam Na-Fadama:

Su zo, amma ban da wanka ko taka ruwa da ƙafa. Kwantaccen ruwan fadama akwai tsargiya, ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Takalmin roba mai tsawo ga duk wanda zai sauka a gaɓa, gidan sauro da dare ko da sanyi ake. Ku ja musu kunne kada su taɓa mataccen tsuntsu saboda murar tsuntsaye. In kun ga da yawa sun mutu wuri guda, ku sanar da ma'aikatan gandun. Wanda kuka hango da zobe a ƙafa, ku ɗauki hoto daga nesa, ku rubuta rana da wurin ku ba su, da lambar zoben ake gano ƙasar da aka sa masa shi. Ku tambayi halin tsaron hanya ana gobe za ku tashi, kuma ku shiga masauki kafin magariba. Da yaran kun zama takwas, jirgi uku ke nan ba biyu ba.