Wace kalma za mu ba "concert band" da matakanta?

Jama'a, ina neman taimakonku. Ɗan yayata da ke karatu a Amurka ya turo bidiyo: yara kusan hamsin zaune a kan kujeru, an jera su kamar rabin da'ira, kowa da takarda a gabansa, malami na tsaye yana juya ɗan siririn sanda. Shi yaron kilarinet yake busawa, wani abin busa mai kama da algaita. A saman takardarsa an rubuta "Grade 2". Da na karanta wa Hajiyarmu sai hankalinta ya tashi, ta ce, "Yaron da ya gama firamare, an mayar da shi aji biyu ne?" Nan na ga muna buƙatar kalmomi biyu: sunan ƙungiyar, wadda Turawa ke kira "concert band", da sunan wannan lambar.

Da na yi tambayar, wanda ya fara ba ni amsa ya ce "badujala". Malam, na gode, kalmar tamu ce, kuma kayan busar kusan iri ɗaya ne. Sai dai duk Bahaushen da ya ji badujala, fareti yake hangowa: 'yan sanda ko sojoji a fili, ganga na ba ƙafa lokaci. Su waɗannan a zaune suke, masu sauraro ma a zaune, ana bin sautin da kunne. A makarantun Amurka ma an raba su, masu maci a filin ƙwallo daban, masu zaure daban, ko da yaran ɗaya ne. Frederick Fennell, wani malamin kiɗa Ba'amurke, ya kafa tasa ƙungiyar masu busa a zaune a makarantar kiɗa ta Eastman da ke birnin Rocesta a 1952 don a riƙa sauraron busa a matsayin fasaha mai cin gashin kanta. Saboda haka a bar wa masu fareti badujalarsu.

Wata 'yar'uwa ta kawo "makaɗan iska". Wannan fassarar kalma da kalma ce ta "wind band", wani sunan da Turawa ke kiran ƙungiyar da shi, kuma kin san inda kunnen Bahaushe zai kai "iska". Mu da muke da "busa", me ya kai mu can? Jamusawa "Blasorchester" suke cewa, Japanawa "suisogaku", duk daga aikin busawa suka samo sunan.

Abin da na tsaya a kai: "ƙungiyar mabusa", kiɗan da ake rubuta musu kuma "busar zaure", kishiyar "busar fareti". An ce ai akwai masu ganga a ciki. Gaskiya ne, suna can layin baya. Amma a ƙofar fada ma algaita ba ta tafiya ba ganga, kuma 'yan algaita muke cewa.

Inda na fi jin daɗi shi ne rabon kayan. Turawa sun kasa su gida biyu, na itace da na tagulla, rabon da ke rikita ɗalibi, domin saksafon da maƙerinsa Adolphe Sax ya yi wa rajista a 1846 da tagulla ake ƙera shi, amma cikin na itace ake lissafa shi. Abin dubawa shi ne yadda sautin ke fita. Wanda ke da ɗan kara mai karkarwa a bakinsa, irin kilarinet, obo da saksafon, dangin algaita ne. Wanda leɓen mabushi ke karkarwa a cikinsa, irin begila, turambon da tuba, dangin kakaki ne. Wanda ake hura iska a gefen raminsa, dangin sarewa. Namu ya fi nasu fayyace abin.

Sai lambar. "Aji" shi ne ya ruɗa Hajiya. "Daraja" kuma zai sa a zaci ana auna kyawun kiɗan ne, alhali wahalarsa ake aunawa. Na zaɓi "mataki". Yawanci daga 1 zuwa 6 ne, kuma masu buga takardun ne ke sa lambar, shi ya sa ma'aunin wannan kan ɗan saɓa da na wancan. Mataki na 1 na 'yan shekarar farko ne: sautuka kaɗan, tafiya a hankali, ba a tura mai kilarinet zuwa sautukan sama inda sai ya sauya yatsu kusan gaba ɗaya. Mataki na 3 da na 4 yawanci na sakandare ne, na 6 kuwa sai jami'a da ƙwararru.

Na koma na ce wa Hajiya jikanta yana cikin ƙungiyar mabusa ta makarantarsu, yana busa dangin algaita, ya kai mataki na biyu. Ta ce a sake kunna mata bidiyon.