Kafin ka gwada gidan abinci ko shagon unguwa

Abin da masu sanin harkar suka fi nanatawa shi ne lokacin zuwa. Ka je ƙaramin gidan abinci sa'ad da 'yan unguwa suka cika shi, domin tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta kwana. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye, ba kan wuta ba, ba cikin firji ba, ka haƙura da shi: ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Lura kuma ko hannun da ke zuba abinci shi ke karɓar kuɗi. Karon farko sayi kaɗan.

A shago kuwa, duba ranar lalacewar kaya, guji kumburarren gwangwani, sannan tambayi farashi kafin a ƙulle maka.